Gonar da Amfaninta Toka Ne

Duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi, tun kafin ya kai ga Risala, ya san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya da siffofi uku ake hukunta ruwa, watau launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, kuma muddin babu ɗaya daga cikinsu da ya jirkita saboda wani abin da ya faɗa ciki, to ruwan yana nan bisa tsarkinsa, a yi alwala da shi, a yi wanka. Wannan hukunci ne na ibada, ya kuwa wadatar a babinsa. Amma zamanin nan ya zo mana da wata irin ƙazanta wadda ido ba ya ganinta, harshe ba ya jin ɗanɗanonta, hanci kuma ba ya shaƙo ta, alhali illarta ga jikin ɗan Adam ta ɗara ta najasar da muka sani nesa ba kusa ba. Ina nufin gubar ma'adinai irin su dalma da zaiba da kadmiyom da arsanik, waɗanda in sun shiga ƙasa sai su miƙe ƙafa, ba su ruɓewa, rana ba ta ƙone su, damina kuma iyakarta ta ɗauke su daga wannan fegi ta kai su wancan.

Masu ilmin kimiyya na dā, tun daga Jabiru ɗan Hayyanu har zuwa almajiransa na gabas da na yamma, sun ƙare rayuwarsu suna neman dabarar mai da dalma zinariya, ba su kuwa samu ba. Amma fa'idar da aka tsinta daga wahalarsu, bayan ƙarnoni, ita ce tabbacin cewa dalma dalma ce, ko an narka ta, ko an niƙa ta, ko an jiƙa ta, babu wuta ko magani irin na maƙera da zai fitar da ita daga zatinta. Saboda haka wanda gonarsa ko tsakar gidansa ta gurɓata da ita ba shi da zaɓi mai yawa: ko dai ya kankare ƙasar ya kwashe ta zuwa wani rami, ko ya rufe ta da wata ƙasa mai tsabta ya yi fatan kada a tona, ko kuwa ya nemi abin da zai tsamo masa gubar daga cikin ƙasar sannu a hankali. Hanya ta ukun nan ita ce maganarmu, domin masana sun gano cewa cikin halittun Ubangiji akwai tsirran da aikinsu ke nan.

Kafin mu tafi nesa, ya kamata mu fara da gida. Ƙoramar Gunti Yena, wadda ta ratsa birnin Yamai daga arewa ta gangaro ta faɗa kogin Isa a kusa da gadar Kennedy, ita ce magudanar da ke karɓar ruwan kwatamin unguwanni masu yawa, da abin da ruwan sama ya wanko daga jujin shara, da daga rumfunan masu gyaran mota, da na maƙeran kasuwar Katako masu narka tsofaffin ƙarafa su zuba tukwane. A gefenta kuma garake ne kore shar, inda bayin Allah masu neman halaliyarsu ke noman salati da shu, watau kabeji, da alayyafo, suna ban ruwa da abin da ƙoramar ta kawo, don shi ne ruwan da ba ya yankewa ko da bazara, kuma yana ɗauke da taki a cikinsa kyauta. Malaman tsangayar aikin gona ta jami'ar Abdou Moumouni, cikinsu har da Abdourahamane Tankari Dan-Badjo, sun ɗebi ƙasar wurin da ganyen salati da na shu sun auna, sun kuma wallafa a shekarar 2013 cewa akwai ƙarafa masu nauyi a ciki, a wasu wuraren ma fiye da haddin da hukumomin lafiya suka yarda a ci. Irin wannan labari ne a Kano, a bakin Jakara da Calawa, inda ruwan masana'antun jima ke haɗuwa da na gari ya shiga lambuna. Ko dalmar da ake zubawa cikin man fetur a dā, wadda ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, tana nan kwance a ƙurar bakin manyan tituna.

Abin lura a nan shi ne, salatin Gunti Yena bai yi wani abin al'ajabi ba, ɗabi'ar kowane tsiro ya bi. Saiwa ba ta da baki, ruwa take zuƙa tare da gishirin da ya narke a cikinsa, kuma ƙofofin da aka halitta mata don shigar da abin da take bukata, kamar tutiya da sinadarin ƙarfe, ba kullum suke rarrabe baƙo da ɗan gida ba, har kadmiyom kan bi ta ƙofar tutiya ya wuce. Galibin tsirrai suna iyakar ƙoƙarinsu su tsare gubar a saiwa, in kuwa ta yi musu yawa sai ganye ya yi rawaya, su tsumbure, su mutu. Sai dai akwai ƴan kaɗan, nadirai ƙwarai, waɗanda suka saɓa wa wannan ƙa'ida, suna neman ƙarfen da gangan, suna tura shi sama zuwa ganye, suna tara shi har ya kai ninki ɗari ko dubu na abin da ke jikin maƙwabtansu, kuma ko gezau.

Tun a ƙarni na 16 wani masanin tsirrai na Italiya, Andrea Cesalpino, ya lura da wata ƴar ciyawa da ba ta fita sai a kan wasu baƙaƙen duwatsu na lardin Toskana, bai dai san dalili ba. Sai a 1948 wasu masana biyu, Minguzzi da Vergnano, suka auna wannan ciyawa mai suna Alyssum bertolonii, suka iske kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin busasshen ganyenta nikel ne, watau farin ƙarfen nan da ake gauraya shi a yi cokula da tukwanen da ba su tsatsa, yanzu kuma ake rububinsa don batiran motoci masu aiki da lantarki. Duniya ba ta kula da wannan magana ba sai bayan shekara kusan talatin, lokacin da Tanguy Jaffré da Robert Brooks da abokan aikinsu suka ba da labari, a 1976, na wata bishiya a tsibirin Sabuwar Kaledoniya, wadda yanzu ake kira Pycnandra acuminata, in an sassabe ɓawonta sai wani ruwa mai kauri, tsakanin shuɗi da kore, ya tsattsafo, wanda in ya bushe kusan rubu'insa nikel ne tsantsa. A shekarar da ta biyo Brooks ya ajiye mizani: duk tsiron da ke ɗauke da miligiram 1,000 na nikel ko fiye a kowane kilo na busasshen ganyensa, ya shiga sahun masu tarin ƙarfe. Lissafin da aka tattara a 2017 ya nuna an san irinsu sama da 700, fiye da 500 daga ciki na nikel ne, saura kuma na tutiya da kadmiyom da kobal da manganis da arsanik da makamantansu. Afirka ma tana da nata: akwai Berkheya coddii a yankin Barberton na Afirka ta Kudu, akwai kuma furannin nan na Katanga a Kwango, dangin Haumaniastrum, waɗanda masu neman ma'adini suka daɗe suna bin sawunsu, don inda suka yi yawa akwai jan ƙarfe a ƙarƙashi.

To mece ce hikimar tsiro ya cika cikinsa da guba? Masana sun yi saɓani, amma ra'ayin da ya fi rinjaye, wanda kuma gwaji ya ƙarfafa, shi ne garkuwa ce. Tsiron yana ɗaure ƙarfen da wasu sinadarai masu tsami, dangin wanda ke cikin lemun tsami, yana kai shi can fatar ganye ya kulle shi cikin wasu ƴan jakunkuna a cikin ƙwayoyin halittarsa, nesa da inda ake aikin rayuwa, ta yadda shi bai cutu ba, amma tsutsa ko fara da ta gatsa za ta ɗanɗana kuɗarta. Da wannan dabara ya mallaki ƙasar da sauran tsirrai suka guje mata, ba mai yi masa kishiya a kanta.

Wanda ya fara cewa a mai da wannan baiwa sana'a shi ne Rufus Chaney, ma'aikacin hukumar aikin gona ta Amurka, a 1983. Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce. Akwai filaye masu faɗi a duniya, a ƙasashen Balkan da Turkiyya da Indunusiya da Kuba da Brazil, waɗanda ƙasarsu ta samo asali daga wani dutse mai yawan nikel. Nikel ɗin ya yi yawan da zai hana hatsi albarka, amma bai kai yawan da kamfani zai kafa injuna ya haƙa ba, don haka manomi ya yi hasara, mahaƙi ma bai samu ba. In aka shuka mai tarin ƙarfe a irin wannan fili, sai ya tattaro abin da ke warwatse cikin ƙasa ya haɗa shi wuri ɗaya. An jarraba haka a Kalifoniya a tsakiyar shekarun 1990, aka sami kimanin kilo 100 na nikel a kowace eka ta awon Faransa, watau hekta. Daga baya Aida Bani ta jami'ar aikin gona ta Tirana, tare da Guillaume Echevarria da Jean Louis Morel na jami'ar Loren da ke birnin Nansi a Faransa, suka yi shekaru suna noman wata ciyawa mai furanni rawaya, Odontarrhena chalcidica, a kusa da garin Pogradec na Albaniya, a gaɓar tafkin Ohrid, suna sa mata taki, suna yi mata noma kamar kowace shuka, har suka haura kilo 100 a hekta. In ta yi fure sai a yanke, a shanya, a ɗaure dami-dami, a ƙone. Tokar da ta rage kuwa kashi 15 zuwa 20 cikin 100 nata nikel ne, alhali dutsen da manyan kamfanoni ke fasawa a ramukansu galibi bai wuce kashi 1 ko 2 ba. Daga nan sai a jiƙa tokar da ruwan batir, a tace, a fitar da gishirin nikel, aikin da wani ƙaramin kamfani mai suna Econick ke yi a yankin Loren tun 2016. A Sabah ta ƙasar Maleshiya ma Antony van der Ent ya kafa gonar gwaji da wani ɗan itace da aka raɗa wa suna Phyllanthus rufuschaneyi don girmama Chaney.

Mai karatu Bahaushe ba zai ga baƙon abu a cikin wannan aiki ba in ya tuna abin da iyayenmu mata ke yi tun kaka da kakanni: su tara karan gero, su ƙone, su zuba tokar a ƙwarya mai huji, su ɗiga mata ruwa, su tari ruwan toka na miya da na sabulun salo. Abin da ke ba ruwan nan kaifinsa gishiri ne wanda geron ya zuƙo daga gona tsawon damina, wuta ta cinye karan ta bar shi. Mutanen Manga da na gaɓar tafkin Cadi ma sun daɗe suna fitar da gishirin ci daga tokar itacen asawaki. Asalin sana'ar ɗaya ne, abin da ake nema a tokar ne ya bambanta.

Sai dai kada zumuɗi ya kwashe mu. Kilo 100 na nikel, a farashin ƴan shekarun nan na dala 15 zuwa 20 kowane kilo, bai wuce kimanin sefa miliyan ɗaya ba, kafin a cire kuɗin taki da ƙwadago da sufuri da tacewa, waɗanda ba kaɗan ba ne. Riba ce ga manomin da gonarsa ba ta ba shi komai a dā, amma ba taska ba ce. (Wani almajiri mai son mas'ala zai iya tambaya ko zakkar wannan amfani ta hatsi ce ko ta ma'adini, ga alama ba ɗaya, tun da a wurin malamanmu zakkar shuka tana kan abin da ake ci a kuma ajiye, ta ma'adini kuwa tana kan zinariya da azurfa, sai dai ta shiga babin kayan fatauci, na bar wa ma'abota fatawa.) Sa'an nan sharaɗin farko na wannan noma shi ne ƙasa mai nikel da tsiron da ya saba da ita, ciyawar Albaniya kuwa ƴar ƙasar sanyi ce, ba za ta jure zafin watan Afrilu na Yamai ba.

Ma'adinan da Nijar ta shahara da su daban ne. A dā jan ƙarfen Takadda ne, garin da Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a 1353. A yau kuwa iraniyom ne a arewa, da zinariya a Liptako da Jado da Cibarakaten. Zinariya ita ce ta fi jan hankalin talaka, kuma an taɓa gwada noma ta. A 1998 Chris Anderson na jami'ar Massey a Niyu Zilan ya nuna cewa in aka shuka wani irin mastad a kan ƙasa mai zinariya, aka bari ya girma, sa'an nan aka zuba wa ƙasar wani sinadari mai narkar da zinariyar, tsiron zai zuƙe ta kafin ya mutu, har an sami miligiram 57 a kilo ɗaya na busasshensa. A Ostareliya kuma an ga ƙwayoyin zinariya, ƙanana ƙwarai, cikin ganyen turare, watau bishiyar nan ta zaiti, wadda saiwarta ta nutsa ta tarar da jijiyar ma'adini a ƙarƙashin ƙasa. Amma babu tsiron da ke son zinariya don kansa, dole sai an yi masa ɗura, sinadarin ɗurar kuwa shi kansa abin tsoro ne, yana narkar da wasu gubobin tare da zinariyar, ruwa ya tafi da su rijiya.

Abin da ya fi dacewa a tambaya game da wuraren haƙar zinariyarmu shi ne abin da ake bari a baya. A Komabangu, cikin yankin Tera, inda dubban mutane ke haƙa tun shekarun 1980, ana daka dutse, ana wanke garinsa, ana kama zinariyar da zaiba ko da siyanir, ana zubar da dusar a fili. Malaman jami'ar Yamai da waɗancan na Nansi da muka ambata, watau su Echevarria da Morel, sun haɗa hannu sun auna ƙasa da ruwa da tsirran wurin, suka wallafa sakamakon a 2019, inda ya nuna gurɓata da arsanik da wasu ƙarafa a wuraren da ake sarrafa dutsen. Ashe ilmin da ake noman nikel da shi a Albaniya ya riga ya taka ƙasar Nijar, ta hannun mutanen da suka fi kowa saninsa. Arsanik kuwa yana da mai shansa: a 2001 Lena Ma ta jami'ar Florida ta gano cewa wani tsiro marar fure mai suna Pteris vittata, mai ganye kamar gashin tsuntsu, yana tara shi da yawan gaske, kuma Sinawa sun yi amfani da shi a gonaki masu faɗi. Illarsa gare mu ɗaya ce, mai son laima ne, Tera kuwa ba ta da laimar da za ta ba shi sai da ban ruwa.

Dalma ita ce ta fi taurin kai, kuma ita ce ta fi yi wa ƙasar Hausa ɓarna. A 2010 aka farga cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da Ƴargalma da Bagega, saboda dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje cike yake da dalma, ƙurarsa ta bi ɗakuna da tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu, dubbai kuma suka bukaci magani a hannun likitocin ƙungiyar MSF. Da aka zo gyaran ƙauyukan ba wanda ya kawo shawarar a yi shuka a jira. Fartanya da shebur aka sa, aka kankare saman ƙasar gida-gida, aka kai ta ramuka aka binne, aka shimfiɗa sabuwa, Bagega ma ba ta sami nata gyaran ba sai a 2013. Dalili kuwa lissafi ne wanda kowa zai iya yi da alƙalaminsa. Hekta ɗaya, in aka ɗauki zurfin santimita 20, tana da ƙasa kimanin tan 3,000. A ƙaddara kowane kilo na ƙasar yana da giram 1 na dalma, wanda kaɗan ne in an gwada da abin da aka tarar a wasu gidajen Zamfara. Jimla kilo 3,000 ke nan. Dalma tana manne wa ƙasa ƙam, ba ta cika hawa ganye ba, don haka ko an girbe tan 10 na busasshiyar ciyawa a shekara, kowane kilo ɗauke da giram guda cur, abin da wuya a samu, kilo 10 kawai aka cire, aikin shekara 300 ke nan. Yaron da ke rarrafe a wurin ba shi da ko shekara ɗaya ta jira. Amma a sake wannan ƙiyasi da kadmiyom, wanda miligiram 3 a kilo ya isa ya ɓata gonar kayan miya: kilo 9 ne kacal a hektar, kuma shi mai saurin hawa ganye ne, in tsiro yana cire rabin kilo a shekara, cikin shekara goma an rage fiye da rabi. Don haka ne manoman kudancin Sin suka ga amfanin wasu tsirrai dangin Sedum a gonakin shinkafarsu. Dabarar tana aiki ne inda gubar ta yi kaɗan, ta bazu a fili mai faɗi, kuma babu rai a bakin halaka.

Da wannan mizani za a auna maganar Arlit, inda ake haƙar iraniyom a arewa. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da iraniyom a 1971, COMINAK kuma a 1978, har zuwa ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe ramin COMINAK na Akuta, aka bar tsibin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20, wanda ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen da masu awon CRIIRAD na Faransa suka daɗe suna kuka a kansa. Akan ji masu kyakkyawar niyya suna cewa ai an yi amfani da furen nan mai bin rana a Canobil, me zai hana a yi a Arlit? Haƙiƙa an yi, a tsakiyar shekarun 1990, amma a kan ruwan wani tafki aka yi shi, saiwoyin suna reto cikin ruwa suna tsotsar abin da ya riga ya narke. Da Japanawa suka gwada shi a kan ƙasa bayan hatsarin Fukushima na 2011, abin da ya cire bai taka kara ya karya ba. Balle Arlit, inda ruwan saman shekara galibi bai kai milimita 100 ba, tsibin kuma ya yi tsawon bene, saiwa kuwa iyakarta ƴan mitoci. Radiyom da ke cikin dusar sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya lalace. Maganin irin wannan wuri shi ne rufi mai kauri na yumɓu da dutse, da tsaron ruwan ƙarƙashin ƙasa tsara bayan tsara. Hasali ma itace mai doguwar saiwa abin gudu ne a kan rufin, don zai huda shi.

To ina rabon Nijar? A ganina yana cikin wani reshe na wannan ilmi wanda ba shi da ƙyalƙyali, watau shuka abin da zai danne gubar a inda take, ya hana iska ta tashe ta, ya hana ruwa ya kwashe ta, ko da bai fitar da ita ba. A ƙasar da hunturu ke ɗaukar ƙura daga wannan gari ya kai wancan, lulluɓe tsibin dusar Komabangu ko tsohon juji da ciyawa mai riƙe ƙasa ba ƙaramar maslaha ba ce. Muna kuwa da ƴan takara a gida: jema, wadda saiwarta ke nutsawa ƙasa kamar raga, ƴar'uwarta ta Indiya ma an yi aiki da ita a kan dusar ma'adinai a ƙasashe da yawa, da zurma, mai saurin girma, mai jure ƙasa marar kyau, wadda man ƴaƴanta na masana'antu ne, da tumfafiya, da ke fita inda komai ya ƙi. A cikin ruwa kuma kainuwa da kacala, waɗanda masunta da manoman rani ke la'anta don sun toshe musu hanya, suna tsotsar ƙarafa daga ruwan kwatami in an tsare su cikin tafkunan tacewa kafin ruwan ya isa garka. Mutanen da suka kewaye Yamai da shingen dogon yaro tun 1965, suka kuma rayar da miliyoyin hekta a Maradi da Damagaram ta hanyar sassabe mai barin tohon itace, ba za a koya musu haƙurin jiran shuka ba. Fiƙihu ma yana da babi sukutum a kan rayar da mataccen fili da haƙƙin wanda ya raya shi.

Amma akwai wani sharaɗi da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, alhali a wurinmu shi ne uwa uba: a Sahel babu koren abu da ake bari ya tsufa a banza. Abin da mutum bai ci ba akuya za ta ci, abin da akuya ta bari mai magani zai sassaƙa, abin da ya saura mace za ta hura wuta da shi, tokar kuma ta shiga miya ko ta koma gona. Saiwar jema, inda tsiron ke ɓoye mafi yawan ƙarfen da ya sha, ita ce ake jefawa cikin randa don ƙanshin ruwa. Kainuwar da aka tsamo daga kogi akan mai da ita takin garka, watau gubar da ta tara ta koma gindin salati. Zaƙami, wanda shi ma yana jure gurɓatacciyar ƙasa, kowa ya san abin da samari marasa jin magana ke yi da ƴaƴansa. Saboda haka duk wanda zai shuka tsiro don ya sha guba, wajibi ne tun kafin ya sa iri ya tanadi shinge, da mai gadi, da wurin ƙonawa wanda hayaƙinsa ba zai bi unguwa ba (zaiba da arsanik suna tashi tare da hayaƙi), da ramin da za a binne tokar in ba mai sayenta. In ba haka ba ya ɗauko gubar da ke kwance a ƙasa ne ya miƙa ta ga baki. Su kuwa masu garake na Gunti Yena, korarsu ba gyara ba ne, tun da abincin iyalinsu ke nan. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a auna fegi-fegi, inda awo ya yi muni a taimaka musu su koma renon dashen itatuwa da furannin ado, sana'ar da wasu ke ci da ita a gefen titunan birnin tun tuni, inda ya yi dama-dama kuma a fifita abin da ake cin ƴaƴansa, kamar tumatir da kuɓewa, a kan abin da ake cin ganyensa, domin dalma ba ta cika isa cikin ƴaƴa ba.

Akwai kuma wani aiki mai araha da ke jiran ɗalibanmu. Yanzu an ƙera wata na'ura ta hannu, mai kama da ƙaramar bindiga, wadda in an ɗora bakinta a kan busasshen ganye sai ta harba masa haske irin na hoton ƙashi, cikin ƙasa da minti ɗaya ta faɗi ƙarafan da ke cikinsa, ba tare da ta ɓata shi ba. Da ita aka bi ganyaye fiye da 11,000 da ke ajiye a ma'adanar tsirrai ta Numeya a Sabuwar Kaledoniya, tsibirin da ake zaton an gama saninsa, sai adadin masu tarin nikel da aka sani a can ya tashi daga 65 zuwa 99. Jami'ar Abdou Moumouni tana da tata ma'adanar busassun tsirrai, waɗanda malamai suka tattaro daga Gaya har Ayar, kowanne manne a takardarsa da sunan wurin da aka tsinko shi. Waɗanda ya kamata a fara ɗora wa na'urar su ne na duwatsun Liptako da na kewayen tsofaffin ramukan zinariya, domin tsiron da ya rayu a kan ma'adini da ruwan sama na wata uku, shi ne wanda za a iya shukawa a Komabangu ba tare da an ja masa tiyo ba.